Fiffiken hagu na Piper Cub ɗina ya murɗe: in ɓalle shi ko zai gyaru?

Baban Ummi, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai matsala ta kawo ni.

Wata biyar ke nan ina haɗa jirgin rimot samfurin Piper J-3 Cub, mai girman kashi ɗaya cikin huɗu na ainihin jirgin. Shi ainihin Cub ɗin, wanda aka yi ta ƙerawa a Amurka daga 1938 zuwa 1947, faɗin fukafukansa mita 10.7 ne. To nawa idan Allah ya sa ya kammala zai kai kusan mita 2.7 daga wannan baki zuwa wancan, jikinsa kuma mita 1.7. Ƙanena da ke karatu a can ne ya samo mini kit ɗin, wato kwalin kayan haɗa jirgin, a hannun wani dattijo da ya saya ya ajiye shekara da shekaru bai taɓa buɗewa ba, ya taho mini da shi cikin kayansa da ya zo hutu. Dogon kwali ne shaƙe da katakon balsa, wani katako marar nauyi, da sandunan katako mai ƙwari, da filawud siriri, da wayar ƙarfe ta ƙafafu an riga an lanƙwasa ta, sai manyan takardun zane a naɗe. Takardun har sun yi ja saboda daɗewa, amma katakon ko tabo babu.

Bari in ɗan faɗi dalilin da abin ya dame ni haka. A Palladan na tashi, daf da makarantar koyon tuƙin jirgi. Muna yara in muka ji ƙarar ƙananan jiragen nan na ɗalibai sai mu bar abin da muke yi mu ruga mu tsaya muna kallon yadda suke sauka suna sake tashi. Da kaka in an girbe dawa, sai mu fere kara, mu yi fiffike da ɓawon, mu yi jiki da totuwar, mu soka ƙaya a hanci ta riƙe farfela. Nawa bai taɓa tashi ba, amma tun daga nan abin ya shiga raina. Shekara biyu da suka wuce na fara tuƙa ƙaramin jirgin rimot na soso mai faɗin mita 1.2, na farfasa shi ya fi a ƙirga, na liƙe, har hannuna ya zauna. Wannan Cub ɗin shi ne na farko da nake haɗawa da katako, haƙarƙari bayan haƙarƙari.

Ga yadda aikin ya tafi. Na fara a watan Agusta, ruwa na tsakiyar zuba. Teburin aikina ƙyauren ƙofa ne irin na filawud mai rami a ciki, na ɗora shi kan benci biyu a shagon gidanmu, na shimfiɗa silin mai laushi a kai don fil ya riƙa shiga. A kai nake manna zanen, in rufe da farar leda don kada gam ya kama takarda. Fiffiken dama na gama shi ƙarshen Satumba, ya fito sambal. Daga nan na koma jiki da jela. Fiffiken hagu kuwa sai tsakiyar Nuwamba na fara shi, hunturu ya riga ya shigo, na gama farkon Disamba. Na cire shi daga tebur na jingina shi da bango kusa da taga, ya yi kamar kwana goma a nan.

Shekaranjiya na kwantar da su biyun a kan tayil na falo don in gwada su da jikin jirgin. Na dama ya kwanta lif. Na hagu kuwa, gindinsa ya kwanta, amma can ƙarshe bakin gaba ya ɗaga sama. Na sa rula: milimita 12 ya fi ɗan'uwansa tashi. Na danna da yatsa ya sauka, na saki ya koma. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Haƙarƙarin nan ɗaya bayan ɗaya na goge su da samfefa, na daidaita kowanne da sikwaya kafin in sa gam, wani lokaci da fitilar waya a baki saboda an ɗauke wuta. Kuma balsa ba abin da zan je kasuwar 'yan katako in sayo ba ne. In na ɓata wannan, sai in jira wani ya taho daga waje.

Ban rufe shi da yadi ba tukuna. Siririn balsan da ake lulluɓe bakin gaba da shi, na sama kawai na manna a duka biyun, na bar na ƙasa sai na gama jan wayoyin sarbo, wato 'yan na'urorin da rimot ke motsa sassan jirgi da su. Gam kuwa farin gam na kafintoci na yi amfani da shi a yawancin wurare, sufagulu a 'yan wurare, sai efoksi a gindi.

Tambayoyina biyu ne. Na farko, wannan murɗar za ta gyaru ko sai na ɓalle fiffiken na sake? Wani abokina ya ce in bar shi haka, in an tashi sai in daidaita da rimot. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Na biyu, inji. Ina tsakanin mai fetur na cc 20 da na cc 30. Da na ɗora jirgin a kan yatsu biyu haka nan babu inji, jela ta yi ƙasa sosai, har na fara tunanin ko na cika mata gam. Don Allah waɗanda suka riga mu a wannan harka su taimaka.

Kafintan Sabon Gari

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ni ban taɓa haɗa jirgi ba, ɗana ne yake wannan harkar nake leƙowa saboda shi. Amma shekarata ashirin da wani abu ina aikin katako, kuma da na karanta bayaninka ba fiffiken na fara zargi ba, ƙyauren nan na fara zargi.

Ƙofar filawud mai rami ba ta da amana in yanayi ya juya. Da damina ta sha danshi ta kumbura. Hunturu na shigowa sai ta fara bushewa, kuma ba ta bushewa gaba ɗaya lokaci guda. Kai ka rufe samanta da silin da leda, ƙasanta kuma a buɗe iska na bugu. Fuska ɗaya ta bushe ta tsuke, ɗayar tana nan da laimarta, dole ta karkace. Mu nan duk Disamba sai an yi ta kiranmu ƙofa ta ƙi rufuwa ko ta bar kafa a sama. Fiffikenka na dama ka yi shi lokacin da ƙyauren ke miƙe, na hagu kuma ka yi shi bayan ya juya. Abin da tebur ya ba ka shi za ka ɗauka.

Ga yadda za ka gane. Ka samo 'yan guntayen katako huɗu masu kauri ɗaya, ka ajiye a kusurwa huɗu na daidai wurin da fiffiken ya kwanta. Ka ja zaren ɗinki daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka ja wani ya gicciye shi, su yi tauri. Ka duba tsakiya inda suka haɗu. In sun shafi juna kawai, sai ka sauya, na ƙasa ya koma sama, ka sake dubawa. In duk biyun suna shafar juna, teburinka lafiya lau. In ka ga rata a tsakani, to ya murɗe, kuma ratar da ka gani ninki biyunta ne a kusurwa.

Sannan jingina shi da bango da ka yi kusa da taga, kuskure ne. Ɗanyen aiki kwantar da shi ake yi a ɗora masa nauyi. Kuma ka ɗaga sauran katakon nan daga ƙasa. Gara ba ta san daga Amurka aka kawo shi ba, dare ɗaya ya ishe ta.

Dattijon Kawo

Baban Ummi, sannu da ƙoƙari. Ka kwantar da hankalinka, fiffiken nan ba na ɓallewa ba ne. Abin da ya cece ka shi ne ba ka manna balsan ƙasa ba. Da ka rufe sama da ƙasa, bakin gaban ya zama kamar bututu, ya kulle murɗar a ciki, sai dai wuƙa. Yanzu kuwa har yanzu yana jin magana, shi ya sa da ka danna ya sauka.

Amma shawarar abokin nan naka, kada ka ɗauka. Bari in nuna maka da lissafi. Faɗin fiffikenka daga gaba zuwa baya kusan santimita 40 ne. A wannan faɗin, kowane milimita 7 digiri ɗaya ne. Ke nan ƙarshen fiffikenka na hagu ya ɗaga hanci da kusan digiri biyu, kuma ta ɓangaren da ba a so. In jirgin yana gudu, hagu zai fi dama ɗagawa, ya riƙa mirginawa dama. Wannan kam za ka iya dannewa da rimot, gaskiyar abokinka ke nan. Matsalar tana wajen sauka. Da ka rage gudu, ƙarshen fiffiken da ya fi ɗaga hanci shi zai fara rasa riƙon iska, ya faɗi lokaci guda. Kana mita uku daga ƙasa, hagu ya nutse, ka ba shi elaron, wato ɓangaren bakin bayan fiffike mai motsi, don ka ɗago shi, abin ya ƙara muni. Na ga wannan da idona a jirgin wani yaro da muke tashi tare, aikin wata bakwai muka kwashe a buhu.

Abin da ake so akasin haka ne: can ƙarshe, bakin baya ya ɗan ɗaga sama, don gindin fiffike ya fara sakin iska kafin ƙarshensa. Hatta ainihin Cub haka ake saita shi, da tsawon sandar baya cikin sandunan nan biyu da ke tokare fiffike da jiki.

Ga abin da zan yi da ni ne. Ka fara gyara tebur kamar yadda Malam Kafinta ya ce, maganarsa dutse ce. Ni gilashi mai kauri nake amfani da shi, na sa masa 'yan takardu a ƙasa har zare ya nuna ya miƙe, sannan silin a kai. Daga nan ka ɗauki sabuwar reza ka yanke 'yan ƙananan balsan da ka manna a tsaye tsakanin sandar sama da ta ƙasa, daga tsakiyar fiffike zuwa ƙarshe. Su ne ke riƙe da murɗar. Ka fesa ruwan ɗumi a kan balsan sama da sandunan, feshi kawai, kada ka jiƙa shi sharkaf, farin gam yana laushi in ya sha ruwa. Ka kwantar da fiffiken, ka kafe sandar gaba da fil tun daga gindi har ƙarshe. Ƙarƙashin bakin baya ka sa doguwar sanda da ka fere, sifili a gindi, milimita 7 a ƙarshe. Ka ɗora nauyi, jakunkunan yashi sun fi littattafai don suna bin siffar abu. Ka bar shi kwana uku ko huɗu. Yana nan a kafe za ka mayar da sababbin balsan tsakanin sanduna, kuma ka lura jijiyar katakon ta tsaya a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, in ta kwanta ba su da amfani. Sai gam ya bushe sarai sannan ka ɗaga shi. In ka zo manna balsan ƙasa, ka mayar da shi kan sandar nan ya bushe a kanta.

Sannan ka yi wa na dama irin wannan, da sanda iri ɗaya. Ko milimita 5 ne ko 7, ba shi ne abin damuwa ba. Su zo daidai da juna, shi ne magana.

Batun jela kuwa, kada ka tsorata tun yanzu. Duk Cub haka yake kafin a sa inji, hancinsa gajere ne, jelarsa doguwa. Ka auna daga inda fiffike yake zuwa hanci, ka auna zuwa jela, za ka ga giram ɗaya a baya sai ka sa uku ko huɗu a gaba kafin su yi kunnen doki. Saboda haka ni injin cc 30 zan ɗauka. Na 20 zai ɗaga shi, ban musa ba, amma ƙarshenta sai ka narka dalma ka cusa a hanci, to gara nauyin ya zama mai aiki. Kuma ka tuna Zariya tana sama da mita 600 daga teku, ga zafin Afrilu. Iska in ta yi zafi ba ta da kauri, inji da farfela da fiffike duk ƙarfinsu raguwa yake yi. Wurin daidaiton nauyi ka bi abin da zanen ya nuna. In ya goge, ka sa shi tsakanin santimita 10 da 12 daga bakin gaba, tanki babu mai, kuma tashin farko ka karkata wajen 10. Mai nauyin hanci yana tashi da ƙyar ya sauka da gudu, amma yana dawowa. Mai nauyin jela ba ya ba ka lokacin gyara.

Abu ɗaya kuma don ka ji ƙarfin gwiwa. Jirgin Air Beetle da sojojin samanmu suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi, asalinsa kit ne na RV-6A daga Amurka, guda 60, kuma nan Kaduna aka harhaɗa su. Haɗa jirgi daga kwali ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Ɗan Lantarki

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, amma ku bar ni in ce wani abu kan inji. Me zai hana ya sa injin lantarki mai batir? Babu girgiza, babu mai yana ɓata yadi, babu kunna farfela da hannu, kuma batirin da kansa shi ne nauyin da ake nema a hanci, sai ka matsar da shi gaba ko baya har jirgi ya daidaita. Mutanen unguwa ma ba za su ji ƙara su taru ba. Ni duk nawa na batir ne, ban taɓa da-na-sani ba.

Dattijon Kawo

Ɗana, ban ƙi taka ba, a ƙananan jirage ni ma na koma batir. Amma duba girman wannan. Zai kai kilo 7 ko fiye. Mafi ƙanƙantar abin da zai sa shi ne batirin LiPo mai sel 6 na mAh 5000, kuma wannan kaɗai ya kai Wh 111 a ma'aunin ƙarfin batir da kamfanonin jiragen sama ke dubawa, su kuwa 100 suke bari a shiga da shi ba tare da izini ba. Wa zai kawo masa? In ya kumbura a zafin bazara, wa zai kawo wani? Ga caji, ga halin wutarmu. Fetur kuwa ko'ina akwai, man haɗi irin na ƙaramin janareta ne, sai dai ya nemi mai kyau. Yawancin injinan nan 30 bisa 1 suke so, wato kusan mililita 33 a lita ɗaya, amma ya bi takardar injinsa. Ya tace man sau biyu, kabureta ɗin ƙofofinta kamar ƙofar allura suke. Kuma tiyon silikon na injin metanol ba ya jure fetur, kumbura yake yi ya saki. Ya nemi tiyon Tygon.

Abu Hanifa, Kd

Ni ba gyaran fiffike zan yi magana a kai ba, manya sun gama. Inda za ka tashe shi nake so ka yi tunani tun yanzu, Baban Ummi.

Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a yarda a tashi jirgi marar matuƙi a sararin Najeriya ba sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Mu muna cewa namu wasa ne, ba kyamara, ba komai. Amma jami'in da zai tare ka a hanya da abu mai faɗin kusan mita 3 a bayan mota ba zai tsaya bambance wannan ba, kuma da halin da ake ciki na tsaro ba za ka ga laifinsa ba. Ka nemi bayanin ƙa'idar daga hukumar kai tsaye tun kafin ka gama aikin. Kuma kai da kake Zariya, ka yi nesa da filin makarantar jirgin sosai, ɗalibai suna shawagi ƙasa-ƙasa a kewayen nan, ga kuma barikokin soja a gari.

Mu abin da muke yi, kafin mu fara amfani da fili sai mun je wurin mai unguwa da mai gonar, mun kai jirgin ofishin 'yan sanda na yankin sun gan shi a ƙasa, an buɗe an nuna musu cikinsa. Ranar tashi kuma mutum biyu aikinsu kawai tsare yara. Farfela mai inci 18 a kan injin cc 30 ba ta san yatsa ba, yara kuwa da sun ji ƙara gaba suke yowa. Ka sa makashin inji da za ka iya kashewa daga rimot, ka saita shi yadda in sigina ta yanke inji zai mutu da kansa. Batirin fulogi daban, na risiba mai karɓar siginar rimot daban, ka raba su nesa da juna. Ka gwada nisan rimot inji a kashe, ka sake gwadawa yana aiki.

Baban Ummi, Zariya

Jama'a, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Na yi shiru kwana tara ne don ina so in dawo da sakamako.

Malam Kafinta, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Daren da na karanta amsarka na cire silin na ja zaren matata na ɗinki, baƙi da fari don in bambance su. Gwajin farko suka danne juna, har na ce to ba teburin ba ne. Da na sauya, fari ya koma sama, sai ga rata. Na zura katin waya uku a tsakani kafin su taɓa, da rula kusan milimita 3. Ke nan 6 a kusurwa. Rabin murɗar daga ƙyauren ta fito. Sauran rabin ina ganin jinginar nan ce, domin da na duba, gefen da ya kalli taga shi ne rana ke duka daga hantsi zuwa azahar. Abin da ya ba ni mamaki, ƙyauren nan kullum ina kallonsa, da ido ba za ka taɓa cewa ya karkace ba.

Na samu gilashi mai kaurin milimita 10 wurin masu aikin tagogi, ragowar wani aiki ne, suka sayar mini da sauƙi. Na shimfiɗa shi a ƙasan ɗaki, ba kan benci ba, na yi ta cusa guntayen kwali har zaren ya shafi juna ta kowane ɓangare.

Baba Dattijo, na bi maganarku daki-daki. Yanke balsan tsakanin sanduna shi ya fi ba ni wahala. Inda na sa farin gam reza ta bi salin-alin. Inda na sa sufagulu kuwa ya yi tauri kamar ƙashi, har haƙarƙari ɗaya ya tsage a hannuna, na ji ƙarar har cikin raina. Na ɗinke shi da ɓallin balsa ta gefe biyu. Da na yanke na ƙarshe, sai na ji fiffiken ya saki jiki, ya kwanta kusan rabi tun kafin in sa ruwa. Na yi feshin da kwalbar da ake yayyafa wa kaya ruwa wajen guga, na ɗura yashi a tsofaffin safa guda takwas na jera a kai. Na rufe tagar da bargo, na kulle ɗakin, na ce wa yara kwana huɗu ba mai shiga. Ummi kullum da safe sai ta tambaye ni ko jirgin ya warke.

Ranar Juma'a bayan an sauko na cire fil. Bakin gaba a kwance tun daga gindi har ƙarshe. Bakin baya a ƙarshe ya tsaya a milimita 6, ya ɗan dawo da ɗaya. Na dama yana kan gilashin yanzu haka, jibi zan ɗaga shi. In ya fito 7, zan mayar da na hagu kan sandar in ƙara masa takarda ɗaya lokacin manna balsan ƙasa.

Inji na yanke shawara, na 30 zan saya. Ɗan Lantarki ka yi haƙuri, hujjarka ta shige ni, musamman batun ƙara, amma maganar samun batir ita ta rinjaye ni. Abu Hanifa, na gode da tunatarwa. Akwai wata fadama da ta bushe a ƙauyen kakannina, tafiyar kusan awa ɗaya daga gari, na riga na yi wa kawuna magana zai kai ni wurin mai gari. Batun hukumar ma na fara bi.

Saura tambaya ɗaya, Baba. Yadin rufin da ya zo mini Oratex ne, rawaya irin ta Cub. Ina tsoron in na zo ɗame shi da dutsen guga ya sake ja mini fiffiken ya murɗe. Kuma dutsen gugar gida gare ni, ba na masu wannan aikin ba.

Dattijon Kawo

Madalla, Baban Ummi, na ji daɗi. Tsoronka yana kan hanya, yadi yana iya murɗa fiffike in aka ɗame gefe ɗaya aka bar ɗaya. Ka fara manna ƙasa, sannan sama, gefe-gefe kawai, da zafi kaɗan, kusan digiri 100, kada ka ɗame komai tukuna. Sai duka fuskokin sun manne sannan ka ƙara zafi, ka riƙa yin rami biyu na tsakanin haƙarƙari a sama, ka juya ka yi biyun da ke ƙarƙashinsu, daga gindi zuwa ƙarshe. Duk bayan 'yan ramuka ka mayar da shi kan gilashi da sandar ka duba. Dutsen gida zai yi, ka sa masa safar auduga, ka gwada zafin a kan ƙyalle tukuna, kuma ka yi a lokacin da wuta ta tsaya, don in tana hawa da sauka zafin ma haka zai yi.

Maɗaurin elaron da na jela, bayan gam ka huda ka soka tsinken sakace ya ratsa su, girgizar injin fetur tana zare su. Kuma ranar tashin farko kada ka je kai kaɗai. Cub tayarsa ta uku a jela take, da ka ba shi wuta zai ja hagu, sai da roda, wato sitiyarin jela, ake riƙe shi, a sama ma ba ya juyawa da kyau da elaron kaɗai. Ka sanar da ni ta saƙo mako ɗaya kafin ranar, Kaduna zuwa Zariya ba nisa, zan zo da ma'aunin kusurwa mu auna fukafukan a jikin jirgi kafin a zuba mai.